Jawabi Ga 'Yan Kasuwa A Kan Sayen Fili



Mai ɗan jari a cikinmu, da ya sayar da masararsa, sai dillali ya ja shi gefe ya ce ga fili da araha a Kwanar Dangora, bakin titin Zariya. Ba mu hana kowa saye ba. Amma a sani, tun dokar ƙasa ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun Gwamna. Izinin zama kawai muke saye. Idan hukuma ta karɓe wuri don aikin jama'a, gini da shuka take biya wa diyya, fili tsura kuwa sai haƙuri. Dattawan Bebeji sun ga ruwa ya shanye gonaki bayan an gama madatsar Tiga a 1974.

Saboda haka kada mu tsaya ga takardar dagaci kaɗai. A ƙauye ƙaramar hukuma ce ke ba da shaida, ta Kiru ko ta Tudun Wada. Mu taka iyaka da ƙafarmu tare da maƙwabta. In gado ne, a tara magada kaf, har matan da ke gidan aure, don wadda aka manta ita ce za ta kai mu gaban alƙali. Dillali kuwa ya riga ya ci la'adarsa.

Mutanen Doguwa, wanda ya nuna muku gona cikin Dajin Falgore, kayan hukuma yake sayar muku.

Kuma kada wani ya binne uwar kuɗinsa duka a ƙasa, ranar kasuwa ta zo ya rasa na sari.