Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyya, Dutsin-Ma

Wakilin Mai Martaba Sarkin Katsina, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. 'Yandakan Katsina Hakimin Dutsin-Ma. Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi. Shehunan malamai, iyaye maza da mata, 'ya'yanmu da ake yayewa.

Alhamdu lillahi, ƙasar nan ta yi arzikin ilimi. Ga Kwalejin Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya tun 2011, ga 'ya'yanmu malamai da likitoci ko'ina. Wannan duk kun sani.

An rubuto mini shafi huɗu, zan ajiye uku.

Gawayin da ake dafa tuwo da shi da daimon, asalinsu ɗaya, wato kabon. Zaman ƙwayoyin ne ya bambanta. Hajiyoyi, kada a ruga gida a kulle buhun gawayi, ba haka ake yi ba! A 1954 kamfanin General Electric a Amurka ya ƙera daimon da matsi da zafi mai tsanani. Wajen 1982 masana a Japan suka sauƙaƙa hanya. A cikin tukunya rufaffiya ake zuba iskar haidurojin da ɗan mitan, kamar kashi ɗaya cikin ɗari, mitan ɗin nan da ke tashi daga kashin shanu. A gasa zaren ƙarfe irin na tsohon ƙwan lantarki har ya kai digiri 2000. Sai daimon ya riƙa kwanciya a kan faranti, siriri kamar yanar kunu. Da shi ake shafe bakin kayan yanka, kuma ya ninka tagulla wajen sau biyar a kwashe zafi.

To ga inda gizo ke saƙar. Yanar nan a hankali take kauri. Kafin ta kai kaurin gashi ɗaya sai a yi kwanaki. Kwanaki, jama'a, wuta ba ta ƙifta ba! Mu kuwa na taɓa ganin malami yana auna sinadari da fitilar waya. Shanu muna da su, ƙwaƙwalwa ga ta zaune a gabana. Wuta fa? Masu hali, kun gina mana zaure, mun gode, amma ɗakin gwaji ba ya cin fenti. Sola da batura muke roƙo, da kuɗin gyara duk shekara. Ku na baya masu latsa waya, da ku nake, gobe ku ne masu sa hannu.

Shugaban taro, ga takardar alkawari nan, a fara zagayawa da ita daga layin gaba. Allah ya yi wa yaran nan albarka.