Rabin Magana Na Hannun Mai Sauraro



An umarce ni da in yi bayani a kan na'urorin da ke taimaka wa waɗanda ba sa iya furta magana. Ni ma'aikacin ofis ne, ba likita ba, don haka zan ɗauki labarin mutum ɗaya mu ga inda ya shafe mu.

Stephen Hawking masanin kimiyya ne na Jami'ar Kambirij a Ingila. A 1963, yana ɗan shekara 21, likitoci suka gano yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali. A 1985 ciwon huhu ya kama shi, aka huda maƙogwaronsa don ya samu numfashi, muryarsa ta tafi ke nan. Da farko sai a riƙe masa kati mai haruffa ana nunawa ɗaya bayan ɗaya, in an zo kan wanda yake so ya ɗaga gira. Daga baya ya samu kwamfuta, yana latsa maɓalli yana zaɓen kalmomi, na'ura na furtawa. Saurinsa bai wuce kalma 15 a minti ba. Da hannun ya shanye sai ya koma motsa kunci, har ta kai kalma ɗaya kan ci minti guda. Karin harshen na'urar na Amurka ne, shi kuwa Baturen Ingila, amma ya ƙi yarda a canja, domin da ita duniya ta san shi har mutuwarsa a 2018.

To, ga abin lura. Mutumin nan na iya gabatar da lacca gaban dubban jama'a, tun da ya shirya ta tun daga gida. Hira ce ke ba shi wuya. Mai Turanci kan furta kalma wajen 150 a minti, kuma tsakanin shirun wani da amsar wani ba a cika kai rabin daƙiƙa ba. Ku dubi gaisuwarmu: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, babu gajiya, kamar ana sakar tabarma. Kafin mai na'ura ya haɗa amsarsa, an bar zancen an shiga wani. Ba shi da ƙarancin abin faɗa, ba a dai jira shi ba.

Katin haruffan nan ya fi kwamfutar burge ni, domin ya tona asirin magana baki ɗaya. Ba ya aiki sai da mutum biyu: ɗaya na nunawa, ɗaya na ɗaga gira. Mu ma haka muke, sauri ne ya ɓoye abin. Gwada ba da labari ga wanda ba ya cewa "to", ba ya cewa "haka ne", ba ya ko gyaɗa kai, ka ga in za ka kai ƙarshe. Malamanmu na Turanci shaida ne, sau nawa muka ƙarasa jimla da hannu a aji ɗaya, suka kuma fahimce mu don sun so su fahimta?

Da yawanmu yanzu muna zaune bayan tebur, jama'a na zuwa da buƙata. Na sha ganin mai in'ina ya zo da takardunsa, akawu ya ƙarasa masa magana, ya kuma ƙarasa ba daidai ba. Na ga an tsallake bebe an tambayi ɗan rakiyarsa, "Me yake so?" alhali ga shi tsaye, da takarda da biro a aljihu. Roƙona shi ne, in irin wannan bawan Allah ya shigo ofishinka, ka ba shi kujera, ka dube shi shi kansa, ka tambaye shi yadda yake cewa i da a'a, sannan ka ajiye fayil ɗin da ke hannunka har ya gama.