Kaska da Ƙwayoyin Cutar da Take Sawa Dabbobinmu: Laccar Taron Shekara

 

Da wuya a sami gida a birnin Katsina, daga Ƙofar Soro har zuwa Ƙofar Marusa, da babu tunkiya ko akuya a turke. Da su muke layya da suna, su ne kuma jarin mata da yawa. Saboda haka muka zaɓi yin magana a kan kaska, wadda ke yawaita da damina, da yadda ƙwayoyin cutar da take ɗauka ke samun shiga jikin dabba.

Mafi haɗari a cikin cututtukan nan shi ne wanda ke tara ruwa a jakar zuciya da ƙirji. Kaskar nan mai zane a baya, wadda masana ke kira Amblyomma variegatum, ita ke yaɗa shi. Dabba takan fara da zazzaɓi mai zafi kimanin mako biyu zuwa uku bayan cizo, sai ta riƙa kewaye wuri guda, tana tauna baki, daga baya ta faɗi tana shure-shure. A shekarar 1925 ne wani masani mai suna Cowdry ya gano ƙwayar a Afirka ta Kudu, kuma tun 2001 ake kiran ta Ehrlichia ruminantium. A shekarun 1970 malamai irin su Ilemobade sun yi bincike mai zurfi a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

To, yaya take kama jiki? Wannan ƙwaya ba ta iya hayayyafa a fili cikin jini, dole sai ta shiga cikin ƙananan ɗakunan halitta da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini. Jini kuwa gudu yake yi kullum, don haka matakin farko shi ne ta manne. Kowa ya san yadda ƙarangiya ke kama riga da ƴan ƙayoyinta. Haka fatar waɗannan ƙwayoyi take, tana ɗauke da sinadaran furotin waɗanda ke kama wasu wurare na musamman a bangon ɗakin halitta. Da zarar sun kama, sai ɗakin ya yaudaru, ya lanƙwasa bangonsa ya haɗiye baƙuwar da kansa. A ciki take ɓuya ta hayayyafa, har ɗakin ya fashe, 'ya'yanta su bazu. Idan jijiyoyi suka lalace sai ruwa ya riƙa tsattsafowa zuwa zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, wanda shi ke kawo kewayen da muke gani.

An fi fahimtar wannan aiki a danginta. A 2005 aka gano cewa furotin OmpB na Rickettsia conorii yana kama wani furotin na jikin ɗan Adam mai suna Ku70. Ita kuwa Anaplasma marginale, mai ƙarar da jinin shanu, tana manne wa jajayen ƙwayoyin jini da furotin MSP1a, kuma tana yawan sauya kamannin wani furotin ɗin, MSP2, kamar ɓarawon da ke canza riga don kada a shaida shi. Ita ma ƙwayar ciwon zuciyar tana da iyali guda na irin waɗannan furotin har 16. Bambancin nau'o'inta daga wuri zuwa wuri ya sa har yau ba a sami rigakafi mai sauƙi da zai wadatar ko'ina ba. Fatan masu bincike shi ne a koya wa garkuwar jiki ta toshe waɗannan ƙayoyi, domin ƙwayar da ba ta manne ba, ba za ta shiga ba.

Kada mu ɗauka abin na dabbobi ne kaɗai. Wannan kaskar tana sa wa mutane Rickettsia africae, mai kawo zazzaɓi da baƙin tabo a wurin cizo, kuma sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin zazzaɓin cizon sauro.

Kafin rigakafi ya samu, akwai abin da ke hannunmu. Kaska takan yi fiye da kwana guda a manne kafin ta zuba ƙwayar ciwon zuciyar, don haka duba dabba kullum da damina, musamman hantsa da ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato, kariya ce babba. Dabbar da aka sayo daga Mai'adua ko Charanci a keɓe ta, a yi mata feshi kafin ta shiga garke. Allurar oksitetrasaikilin tana aiki idan an yi ta da farkon zazzaɓi, amma idan dabba ta fara shure-shure, da wuya ta tashi. Likitan dabbobi ne ya kamata ya yi ta.

Muna roƙon wannan ƙungiya ta shirya feshin haɗin gwiwa unguwa-unguwa kafin faɗuwar damina, ta kuma tallafa wa 'ya'yanmu masu son karatun likitancin dabbobi.

Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.