Kokawar Mutanen Japan

Yau zancenmu a kan kokawa ne, amma ba irin tamu ta dandali ba, wadda a kan yi da kaka bayan an kai amfanin gona gida. Wata iri ce ta mutanen Japan, sunanta judo. Japan kuwa ƙasa ce ta tsibirai, can gabas da ƙasar Sin.

Wanda ya kafa wannan kokawa sunansa Jigoro Kano. Kada sunan ya ruɗe ku, ba abin da ya haɗa shi da birnin Dabo, sunan gidansu ne ya zo daidai. An haife shi cikin 1860. Sa'ad da ya ke yaro ƙanƙane ne, marar ƙarfi, har 'yan makarantarsu suka raina shi, suna cin zalinsa. Abin ya dame shi ƙwarai, ya shiga neman wanda zai koya masa tsohuwar kokawar mayaƙan ƙasarsu, wadda su ke kira jujutsu. Cikin 1877 ya sami malami. Bayan shekara 5, watau cikin 1882, ya buɗe makarantarsa a wani gidan ibada a birnin Tokyo, ya sa mata suna Kodokan. Ɗakin ƙarami ne, tabarma 12 ke rufe daɓensa. Ya tsame kamu masu haɗari daga gwajin da almajirai ke yi da juna, don su iya sa ƙarfinsu duka, kuma kowa ya koma gida lafiya.

To, ga abin da na fi so ku lura da shi. Kun sani a kokawarmu wanda ya taɓa ƙasa ya sha kaye, shi ke nan, sai ihun 'yan kallo. A makarantar judo kuwa, abin da a ke fara koya wa sabon almajiri shi ne faɗuwa. Tun bai san yadda a ke ka da mutum ba, za a nuna masa yadda zai manna haɓa da ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugu, ya lanƙwasa baya, ya mari tabarma da hannu don rage ƙarfin bugun. Ya faɗi ta baya, ya faɗi ta gefe, ya mirgina ta gaba, ya tashi, ya sake. Haka zai yi ta yi kullum, har jikinsa ya riƙe abin ba sai ya yi tunani ba.

Me ya sa? Domin mai tsoron kaye ba ya iya kokawa. Jikinsa ya kan sandare, ya ƙanƙame abokin wasa, ya kasa kai hari. Amma wanda aka kayar sau da yawa ya tashi ba ciwo, tsoron nan ya kan fita daga zuciyarsa. Daga nan ƙarfin zuciya ke tsirowa. A ganina ya fi na mai cika baki ƙwari, gama mai cika baki ranar da ya sha ƙasa bakinsa ke mutuwa.

Sai ladabi. Almajiri ba ya hawa tabarma da takalmi, ba ya zuwa da dogon farce ko riga mai dauɗa. Kafin a kama, shi da abokinsa su kan sunkuyar da kai su gai da juna bisa al'adar ƙasarsu, in an gama kuma su sake. In an shaƙe mutum, ko an murɗe masa gwiwar hannu, sai ya ɗan bubbuga jikin abokinsa ko tabarma. Nan take a ke sakinsa. Ku duba wannan da kyau. Ga mutum a hannunka, jini ya hau, kana da ikon karya shi, ka sake shi don ya taɓa ka da tafin hannu. Yaron da ya saba da haka shekara da shekaru, da wuya ya zare wuƙa a kasuwa don an take masa ƙafa.

Girma ma a hankali a ke samunsa. Sabon shiga farar ɗamara ya ke ɗaurawa, baƙa kuwa sai bayan shekaru na naci. Kuɗi ko sarautar uba ba su kayar wa mutum da abokin gwaji.

Shi Kano malamin makaranta ne, ya yi fiye da shekara 20 yana shugabancin babbar makarantar horon malamai ta Tokyo, don haka gyaran halin yara ya sa a gaba. Cikin 1911 aka shigar da judo cikin darussan makarantun midil na Japan. Ya rasu cikin 1938 a jirgin ruwa, yana komowa gida daga wani taro da aka yi a Alƙahira. Cikin 1964 aka sa judo a wasannin duniya na Olimfik, a birnin Tokyo inda ya fara da tabarma 12.

A nan za mu tsaya yau. Allah ya ba mu alheri.