Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Wata Alamar Lafiyar Maza

Maganar da za a yi yau tana da nauyi a baki, ba irin wadda aka saba yi a zaure ba ce, balle a gaban manya. Sabo da haka ana neman gafarar hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malamansu. Amma tun da ya ke wurinsu talakawa su ke kai kuka, har da na cikin ɗaki in ya yi tsanani, ya kamata su ji abin da likitoci suka gano game da miƙewar gaban namiji da asuba.

Kusan kowane namiji mai lafiya ya kan farka wani lokaci ya tarar da gabansa a miƙe. Waɗansu sun ɗauka fitsari ne ya taru, waɗansu kuwa su ce mafarkin mata ne. Asalin abin ba nan ya ke ba. A shekarar 1953 masana a Jami'ar Shikago ta Amurka suka gano barci ba iri ɗaya ba ne. Akwai wani kashi nasa wanda idanu su ke ta motsi a ƙarƙashin fatarsu, a cikinsa a ke yin yawancin mafarki, ya kan kuma komo kamar bayan kowace sa'a ɗaya da rabi. A 1965 wani likita, Charles Fisher, da abokan aikinsa suka nuna cewa tare da wannan barci ne gaba ya ke miƙewa, ko mafarkin kasuwa mutum ya ke yi ko na gona. A dare guda ya kan auku sau 3 zuwa 5. Da ya ke irin barcin nan ya fi tsawo gab da asuba, na ƙarshen ne mutum ya kan farka ya tarar. Jarirai ma suna yi, tsofaffi suna yi, sai dai ya kan ragu da shekaru.

Abin da ya sa likitoci suka mai da hankali a kansa shi ne, ba ya yiwuwa sai hanyoyin jini suna buɗe, jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka suna aiki, sinadarin mazakuta kuma bai yi ƙaranci ba. Watau jiki ne ya ke gwada kansa kowane dare, ba tare da mai shi ya biya ko kwabo ba.

Batun hanyoyin jini shi ya fi muhimmanci. Jijiyar da ke kai jini ga gaba faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne, kamar kaurin tsinken ashana. Wadda ke ciyar da zuciya ta kai 3 zuwa 4, ta wuya mai kai jini ga ƙwaƙwalwa kuwa 5 zuwa 7. Duk mai lambu ya san in ruwa ya zo da yashi, ƙaramar magudana ita ke fara cushewa, babba tana nan tana gudu. Haka abin ya ke a jiki. Kitse da hawan jini da hayaƙin taba suna ɓata jijiyoyin duka tare, amma ƙaramar ita ke fara nunawa. Shi ya sa sau da yawa raunin mazakuta ya kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Mutum yana nan yana noma, yana cin tuwonsa, bai ji ciwon kome ba, alhali manzo ya riga ya iso ƙofar gida. Hawan jini musamman ba ya sallama. A kan yi shekaru da shi ba a sani ba, sai ran da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da mutum.

Ciwon sukari ya fi ɓarna, domin shi jijiyoyin jini da na laka ya ke ci gaba ɗaya. Akwai mazan da ta wannan hanya aka fara gane suna da shi. Sinadarin mazakuta kuwa, wanda likitoci ke kira testostaron, ya fi yawa a jini da safe, don haka da safe a ke ɗibar jinin gwajinsa. A 2010 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan maza 3,369 masu shekara 40 zuwa 79 a wurare 8 na Turai, aka tarar raguwar miƙewar asuba tana cikin alamu uku da suka fi nuna ƙarancinsa.

To, amma fa kada a firgita mutane. Wanda ya yi kwana biyu ko mako bai ga kome ba, ba abin damuwa ba ne. Mai yiwuwa ladan ko zakara ya tashe shi a tsakiyar wani kashin barci dabam, ko gajiya ce, ko rashin isasshen barci. Waɗansu magungunan hawan jini da na damuwa su kan rage shi, haka giya da ƙwayar tiramol. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari da kansa, ya koma ya faɗa a sake masa wani. Abin lura shi ne mutumin da ya saba gani, sa'an nan abin ya ɗauke masa wata biyu ko uku, musamman in ya haura 40, ko yana da ƙiba, ko yana shan taba.

Nan ne maganar ta shafi hakimai. Ba safai magidanci ya kan ce jikinsa ne ba lafiya ba. Sai ya ce an ɗaure shi, ya zargi uwargida ko amarya da asiri, a kai ga dagaci, wani lokaci har a kashe aure a bar yara a tsakani. Akwai tambaya guda da dattijon da ke sasanci zai iya yi masa a keɓe, ba a gaban jama'a ba: yana ganin abin da asuba? In yana gani sosai, amma sai ya je ga iyali abin ya ƙi, yawanci jikin lafiya ya ke. Tsoro ne, ko bashi, ko ɓacin rai tsakaninsu. In kuwa ya ɗauke dare da rana, a tura shi asibiti a auna jininsa, a gwada sukari da kitse. Awon jini bai kai minti biyar ba. Ko ta wace fuska, matar ba ta da laifin da a ke ɗora mata.

Sai kuma masu tallar maganin ƙarfin maza a kasuwa da tashar mota. An sha kama irin waɗannan magunguna an cuɗa su a ɓoye da sinadarin ƙwayar Viagra, wadda ta fito a 1998. Ƙwayar magani ce ta gaskiya a hannun likita, amma in ta haɗu da maganin ciwon ƙirji irin wanda a ke sawa a ƙarƙashin harshe, jini ya kan faɗi warwas, har a rasa rai. Ko ta yi aiki ma, ta rufe bakin manzo ne kawai, cutar tana nan tana cin jijiyoyi. Abin da ke gyara su shi ne barin taba, da rage ƙiba da gishiri, da tafiya a ƙasa kamar rabin sa'a kullum.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ya kamata malaman hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa. Yara maza da samari masu amosanin jini, watau sikila, su kan farka da gaba a miƙe da zafi, ya ƙi kwanciya. Kunya ta kan hana yaro faɗa wa ubansa. In ya kai sa'a 4 a haka jini ya maƙale ke nan, jinkiri kuwa yana iya kashe mazakutarsa har abada. A nema masa mota a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.