SAI MASU GIDA: LAIFIN KOCI NE, KO NA 'YAN WASA, KO NAMU?

Jawabin da kwamitin matasa da wasanni ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Kwanyawa



Lokacin da aka sanar cewa kwamitinmu zai yi magana a kan Kano Pillars, wani daga cikin iyayenmu ya tambaye mu ko an gama da maganar ruwan sha da rufin makaranta ne, da har za a zauna zancen tamaula. Tambayarsa tana kan hanya. Abin da muka shaida masa shi ne, in ban da siyasa da farashin taki, babu zancen da ke tara samarin Kwanyawa da Karaye da Rogo wuri ɗaya kamar wannan. Abin da kuwa ke tara matasa haka, idan manya suka kau da kai daga gare shi, wata rana shi ne zai kai mu belin 'ya'yanmu a ofishin 'yan sanda, ko jinyarsu a gadon asibiti.

Bari mu ɗan tuna wa waɗanda ba su bibiyar harkar irin ƙungiyar da ake magana a kai. An kafa Kano Pillars a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku na birnin Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ci gasar ƙasa sau huɗu: a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, a 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, sannan a 2014 a hannun Okey Emordi. A 2009 ta yi waje da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan an tashi biyu da biyu a birnin Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta taka mata birki. Daga 2003 zuwa 2015 babu baƙon da ya doke ta a gida a gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan lago. A lokacin da yake taka wa ƙungiyar leda, mai gida a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ne Ahmed Musa ya zura ƙwallayen da suka kai 18 a kakar 2010, kafin ya wuce Turai. Da yawa daga cikinmu mun sha cika mota tun da hantsi, mu bi ta Gwarzo mu shiga birni ta Kabuga, mu dawo bayan isha'i murya a dishe, ba mu ji gajiya ba.

Wannan ƙungiya ce ta faɗa rukunin 'yan dagaji a 2022. Ta dawo a 2023, amma ba ta koma matsayinta na da ba, kuma a ƙarshen 2025 ta sake tsintar kanta a ƙasan teburi. Shi ya sa babu teburin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo da za ka zauna a wannan yanki ba ka ji ana yanke hukunci ba.

Mun saurari waɗannan majalisu, mu ma kanmu 'yan majalisar ne. Masu rinjaye su ne masu cewa laifin koci ne: bai iya zaɓen 'yan wasa ba, yana jinkirin canji, yana komawa tsaron gida da an ci ƙwallo ɗaya. Suna yawan kafa hujja da wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba, inda Pillars ta ci uku da nema, amma Enugu Rangers ta farke duka ukun, ta ɗauke kofin a bugun fenariti. Abin da suke mantawa shi ne, kocin da aka yi wa ruwan zagi a wannan dare, Ibrahim Musa, shi ne ya ɗauko kofin a shekarar da ta biyo baya a Kaduna, bayan an doke Niger Tornadoes. Da an bi ra'ayin majalisa an kore shi da safe, da wataƙila ba mu ga wannan kofi ba. Ku duba kuma abin da ya faru daga baya. Evans Ogenyi ne ya dawo da ƙungiyar babbar gasa a 2023, sai aka miƙa ta ga Abdu Maikaba, daga shi sai Usman Abdallah a 2024, aka sake dawo da Ogenyi a 2025, kafin shekarar ta ƙare kuma aka kira Baba Ganaru ya zo ceto. Manomin da ke tone irinsa duk bayan kwana uku don ya ga ko ya fara tsiro, kada ya zargi gona. Samarinmu masu son Manchester United sun fi kowa sanin cewa Alex Ferguson ya karɓi ƙungiyar a 1986, bai ci kofin farko ba sai 1990, bai ci gasar Ingila ba sai 1993. A Ƙofar Mata da ba zai ga damina ta biyu ba.

Kashi na biyu su ne masu cewa 'yan wasa sun tsufa, kuma sunan da ke fara fitowa daga bakinsu shi ne Rabi'u Ali Pele. Gaskiya ne ya haura shekara 40 yana taka leda. Amma a nan ra'ayinmu ya saɓa da na majalisa. Mutumin da ya ci kofuna da ƙungiyar, ya bi ta rukunin 'yan dagaji bai gudu ba, ya dawo da ita, kuma a wasanni da dama shi ne ke fitar da ita kunya, bai cancanci a riƙa jifarsa da baƙaƙen maganganu ba. Tambayar da ta dace ita ce, a duk tsawon waɗannan shekaru, wa aka raina wanda zai gaje shi? Jihar da ke da ƙananan hukumomi 44, kuma kowane fegi a cikinta yara na buga ƙwallo ba takalmi, bai kamata a ce dattijo ɗaya ne ke riƙe da tsakiyar filinta ba. Wannan ba laifin dattijon ba ne.

Akwai kuma muhawarar da ta taso a 2025, lokacin da gwamnatin jiha ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar alhali yana cikin 'yan wasanta. Wasu suka yi murna, suna cewa ga wanda ya ga yadda ake tafiyar da ƙwallo a Holan da Rasha da Ingila, ga suna, ga son ƙungiya. Wasu suka ce to yaya koci zai ajiye maigidansa a benci? Duk ɓangarorin biyu suna da abin faɗa, kuma babu mai shakkar ƙaunar da yake yi wa Pillars. Sai dai muhawarar ta taɓo tushen matsalar da kashi na uku ke kuka da ita, wato ƙungiyar mallakar gwamnati ce. Gwamna ke naɗa shugabanninta, daga baitulmalin jiha albashi ke fitowa, idan gwamnati ta sauya su ma shugabannin su sauya, kowa ya zo da mutanensa. A irin wannan tsari da wuya wani ya shuka abin da zai yi 'ya'ya bayan shekara biyar. Ku kwatanta da Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, ƙungiyar ɗan kasuwa mai zaman kansa, a garin da ba a sa shi a sahun manyan birane. Ta gina filinta, ta kafa makarantar horar da yara, ta bar koci ɗaya, Daniel Ogunmodede, ya zo na biyu a 2023, ya sake zuwa na biyu a 2024, ba ta kore shi ba, ya ɗauki kofi a 2025.

Yanzu sai mu zo ga abin da ba a cika faɗa a majalisa ba, kuma shi ne dalilin da ya sa muka nemi wannan dama. Hausawa sun ce laifi tudu ne. A watan Afrilu na 2022 Pillars ta karɓi baƙuncin Katsina United a Kano. 'Yan kallo suka kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta zaftare wa ƙungiyar maki uku, ta ci ta tara, ta kore ta daga filinta. A ƙarshen wannan kaka ne ta faɗi. A watan Oktoba na 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana daf da tashi, aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya, sai 'yan kallo suka sake afkawa cikin fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Aka sake zaftare maki uku da ƙwallaye uku, aka ci tarar naira miliyan 9.5, aka mayar da wasannin gida Katsina. Kunnen doki yana ba da maki ɗaya. Fushinmu ya janyo asarar uku. Babu kocin da ya yi wa ƙungiyar wannan ɓarna a yini ɗaya, babu kuma mai tsaron gidan da ya yi.

Mun ce fushinmu, domin ba mu da hujjar cewa duk masu jifa 'yan birni ne. Motocin da ke zuwa kallo daga ko'ina suke tasowa, har da nan. Mu da ke zaune a Kano mun san gidajen da yaran ke sauka idan sun zo, gidajenmu ne. Za a ce alƙalan wasa ma suna da nasu, mun yarda, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma akwai hanyar ƙorafi a rubuce, kuma dutse bai taɓa sauya sakamakon wasa ba. A Port Said ta ƙasar Masar, a 2012, irin wannan kutsawa cikin fili ce ta ci rayukan sama da mutum 70 a dare ɗaya, yawancinsu samari. Allah Ya kiyashe mu, amma su ma iyayensu kallon ƙwallo suka sallame su.

Halin kuma ba a Ƙofar Mata ake koyonsa ba, a nan gida ake koyonsa. Da yawa daga cikinku kuna nan a wasan sallar da aka yi tsakanin wasu unguwanni biyu, wanda ba sai mun kama suna ba, inda malamin makarantar da ya taimaka ya hura usur bai tsira ba sai da aka ɗauke shi a kan babur ta bayan gonaki, manya na tsaye suna dariya. Yaron da ya ga an kori malaminsa da sanda saboda fenariti, kuma babu wanda ya tsawatar, me zai hana shi tsallake waya idan ya je birni?

Saboda haka kwamitinmu yana roƙon wannan taro ya amince ƙungiya ta karɓi ragamar gasar sallah daga hannun samari, ta sa mata doka a rubuce: duk unguwar da magoya bayanta suka taɓa alƙalin wasa ko baƙi, an cire ta a wannan shekara da mai zuwa, ko ɗan wane ne a ciki. Muna roƙon iyayenmu dagatai da masu unguwanni su sa hannu a kan takardar, domin maganarsu ta fi tamu nauyi. Muna kuma neman a ware wani abu daga asusun ƙungiya a tura matasa biyu su koyi alƙalancin wasa a Kano su samo shaida, a kuma daidaita filin makarantar firamare a kafa masa turakun ƙarfe, domin yaran da ke da baiwa su sami inda masu neman 'yan wasa za su zo su gan su. Reshen Kano kuwa muna roƙonsa ya fitar da dattijo ɗaya da zai riƙa zama tare da yaranmu duk ranar da suka je kallo, ya tabbata sun hau mota kafin magariba.

Mun miƙa wa ma'aji ƙiyasin kuɗin turaku da raga da kuɗin horon, yana cikin takardun da aka raba muku a ƙofa. Muna roƙon mai girma shugaba ya sa a duba shi kafin a tashi cin abinci.