Jawabi a kan na'urar awon madara



Kowa a nan ya san zafin a kai madara wurin tarawa tun da asuba, a ce an zuba mata ruwa, a mayar da mutum gida da bidonsa. Shekara da shekaru ana yanke mana wannan hukunci da ɗan ma'aunin kwalba da ake tsomawa cikin madara. Nauyi kaɗai yake aunawa, wanda ya kan kama daga 1,028 zuwa 1,034. To, mai ya fi ruwa rashin nauyi. Wanda ya kwashe mai ya ƙara ruwa yana iya wucewa lafiya, ita kuwa madarar saniyar Azawak mai maiƙo sai a yi mata kallon zargi.

Yanzu akwai wata na'ura, irin su Lactoscan da Ekomilk da ake ƙerawa a Bulgariya. Tana aiki da sauti mai siririn amo, sama da kaɗawa 20.000 a sakan guda, wanda kunnenmu ba ya ji amma jemage yana ji. Irinsa ne likita ke duba cikin mai juna biyu da shi. Sautin yana ratsa ruwa da gudun kusan mita 1.500 a sakan. Mai yana rage masa gudu, sauran abincin da ke cikin madara yana ƙara masa. Daga nan na'urar ke lissafa yawan mai da yawan ruwa cikin kamar minti guda. 

Muna maraba da ita, amma ba mu miƙa mata wuya ba. Ruwan da take faɗa lissafi ne. In an saita ta da madarar shanu aka zuba ta raƙumi, ƙarya za ta yi. Kumfa na ruɗa ta, haka tsami. Saniyar da ta sha yunwar bazara madararta kan tsinke, ba wanda ya zuba mata komi. Kuma ba ta ganin bakkale ko ragowar allura. Tafasawa da kiyaye kwanakin magani suna nan a wuyanmu.

Abin da muke nema: a auna a gaban mai madara, a ba shi sakamakon a takarda, wakilinmu ya halarci saitin na'urar, kuma madarar da ta fi mai ta fi kuɗi.